Wa Ke Riƙe da Yaron Idan Uwarsa Ta Tafi Aiki?

Shekaru kaɗan da suka wuce, wata ƙanwata da ta gama karatun koyarwa ta je neman aiki a wata makarantar kuɗi da ke unguwarsu. Mai makarantar, wadda ita ma uwa ce har da jikoki, ta karɓi takardunta ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta yaba sakamakonta, sannan ta ɗago kai ta ce, "Malama, yaushe aka yi bikinki?" Da ta ji cewa wata bakwai ke nan da ɗaurin aure, sai ta mayar da takardun cikin ambulan, ta ce a je za su neme ta. Har yau ba su neme ta ba. A lokacin na ji haushin matar ƙwarai, domin na ɗauka rashin tausayi ne kawai. Daga baya da na natsu sai na gane cewa lissafi ta yi: ta ƙirga watanni, ta hango ciki da laulayi da hutun haihuwa, ta hango aji guda babu malama, ga albashin da za ta biya ba a yi mata aiki ba, ta kuma ga cewa duk wannan daga aljihunta zai fito. Lissafin nata bai yi kuskure ba, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ya dame mu.

Duk lokacin da maganar aikin mata ta taso a gidajen rediyo ko a Facebook, jama'a kan rabu gida biyu. Wasu su ce mace 'yar gida ce, aikinta tarbiyya, kuma fitar da take yi neman albashi ita ce ta lalata yaran zamani. Wasu kuma su ce yawan haihuwa ne ya daƙile matanmu, da za su rage da sun ci gaba kamar matan wasu ƙasashe. A ganina duka ɓangarorin sun tsallake tambayar da ta fi kowacce nauyi, wato wa ke riƙe da yaron a sa'o'in da uwarsa ke neman kuɗi, kuma wa ke biyan kuɗin wannan riƙon. Raino aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi, kuma ko an biya ko ba a biya ba, dole akwai wanda ya ɗauki nauyinsa. A ƙasar Hausa mun daɗe muna ɗora shi a kan waɗanda ba su da bakin ƙorafi, shi ya sa muke ganin kamar kyauta ake samunsa.

Ya kamata a daina magana kamar neman kuɗin mace baƙon abu ne da boko ya kawo. Kakanninmu mata sun yi kaɗi da saƙa, sun yi fura da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sun yi surfe da wankau, sun yi kitso da ɗinkin hula, sun sayi hatsi da kaka sun ɓoye har bazara, kuma duk wannan a cikin kulle, da goyo a baya. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960 tana nazarin tattalin arzikin ƙauye, ta lura cewa akwai wata kasuwa babba da ke ci a cikin gidaje, wadda baƙo ba zai taɓa ganinta ba ko da ya shekara yana zagaya garin, kuma mata ne ke riƙe da ita. Mace da ba ta da sana'a abin tausayi ce ko a wancan zamani, saboda da kuɗin sana'a take zubin adashi, take kai gudunmawar biki, take tara kayan ɗakin 'yarta. Kuɗin kuwa nata ne na kanta, shari'a ba ta ba miji iko a kansa ba.

Abin da ya sa haihuwa da sana'a suka zauna lafiya a wancan tsari shi ne wurin aiki da wurin raino guda ne. Uwa tana suyar ƙosai, jariri yana bayanta, idan ya yi kuka ta sauke shi ta ba shi nono ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Gidan babba ne, akwai kaka, akwai facala, akwai kishiya idan ana shiri, akwai gwaggon da ta dawo gida zawarci. Haihuwar fari a gaban iyaye ake yinta, a yi wankan jego a can, a yi arba'in a can. Idan lokacin yaye ya yi sai a kai yaro wurin kaka, wani ma daga nan ba ya dawowa, ya zama ɗan riƙo. Sai dai akwai wani ginshiƙi na wannan tsari da ba mu cika son ambatonsa ba, wato talla. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa kuɗin shigar matar kulle ya dogara ne kacokan a kan yaran da take aika, su sayo mata kaya, su kai mata talla, su karɓo mata bashi. Macen da ba ta da yaro sai ta nemi na riƙo, in ba haka ba sana'arta ta tsaya. Shi ya sa lokacin da aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa a 1976, iyaye mata da yawa suka kalle shi a matsayin abin da zai ɗauke musu ƙafafuwansu. A wannan tattalin arzikin, haihuwa jari ce ga uwa, kuma wadda ta biya farashin ita ce babbar 'yarta, wadda ta yi goyon ƙanne tun tana shekara shida, ta ɗauki farantin talla a lokacin da sa'anninta maza ke aji.

Har gobe yawancin matanmu a nan suke. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba aikin ofis ko na kamfani mai rajista suke yi ba, kuma a tsakanin mata adadin ya fi haka. Tun daga 2023 ma hukumar ta sauya ma'auninta, ta koma ƙirga duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, abin da ya sa rashin aikin yi ya faɗo a takarda daga kashi 33.3 zuwa kashi 4.1. Wannan ma'auni ya shigo da mai awara da mai turaren wuta cikin lissafi, kuma hakan daidai ne, amma ba ya faɗa mana nawa suke samu, ba ya kuma faɗa mana cewa ranar da mai awara ta haihu, ranar kuɗin shigarta ya tsaya cak, babu hutu mai albashi, babu fansho, babu kowa sai abin da aka tara mata ranar suna.

Aikin albashi kuwa wani gini ne daban, wanda aka zana shi tun asali a kan rayuwar namijin da ke da mata a gida. Yana da lokacin shiga da na tashi, yana da nisa daga gida, yana da canjin wurin aiki, yana da jarrabawar ƙarin girma, kuma ba ya son goyo. A nan lissafin yakan juye, haihuwa ta zama ragi. Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard, wadda ta samu kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2023, ta shafe shekaru tana bin tarihin aikin mata a Amurka na kusan shekara 200, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ta gano shi ne cewa a yau, tsakanin namiji da mace masu ilimi ɗaya da aiki iri ɗaya, tazarar albashi takan buɗe ne bayan haihuwar fari. Ta yi bayanin cewa akwai ayyuka masu haɗama, waɗanda ke ba da lada mai tsoka ga wanda za a kira da dare ya zo, a tura shi tafiya ya tafi, kuma idan yaro ya zo dole ɗaya daga cikin ma'aurata ya haƙura da irin wannan aiki, wadda ke haƙurar kuwa kusan kullum uwa ce. Henrik Kleven da abokan aikinsa sun auna abin a Danmak, ƙasar da ke da gidajen raino na gwamnati da hutun haihuwa mai tsawo, suka tarar cewa kuɗin shigar mace yakan ragu da kusan kashi 20 cikin 100 bayan haihuwar fari kuma ba ya komawa yadda yake, alhali na mijinta ko gezau.

Matar Danmak ba ta kai haihuwa biyu ba a matsakaicin lissafi. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa matsakaicin haihuwar mace a ƙasar 5.3 ne, a Arewa maso Yamma 6.6, a jihar Katsina 7.3, a Legas kuma 3.4. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Ahƙaf, ya ƙiyasta ɗaukar ciki da yaye a wata talatin. Idan muka ɗauki wannan ma'auni muka ninka shi sau shida, za mu samu wata 180, wato shekara 15 cur da mace za ta yi tana ɗauke da ciki ko tana shayarwa. Waɗannan shekaru kuwa ba a ƙarshen rayuwa suke zuwa ba, suna faɗowa ne tsakanin shekara ashirin da arba'in, daidai lokacin da abokin karatunta namiji ke ƙaro digiri, yake zuwa kwas, yake sanin manya, yake hawa mataki bayan mataki. Wanda ya ga mace ta yi ritaya a matakin da ƙannenta suka wuce tuni, ya ce mata ba su da himma, bai yi wannan lissafin ba.

Dokarmu ta san da matsalar, amma ta taɓa ta ne da yatsa ɗaya. Sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba mace hutun mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin aikin, sannan da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16, kuma a 2021 an amince wa maza hutun kwana 14. Jihar Legas ta mayar da na ma'aikatanta wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, wasu jihohi kaɗan ma sun yi haka. Wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Amma a dubi saɓanin da ke ciki: a asibitin gwamnati ake gaya wa mai jego, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, ta shayar da nono zalla na wata shida ko ruwa kada ta ba jariri, sannan dokar ƙasa ta ce mata ta koma bakin aiki bayan mako shida da haihuwa, wato kwana biyu bayan arba'in. Rabin awa na shayarwa kuma ba shi da amfani ga wadda jaririnta ke Rijiyar Zaki ita tana aiki a Bompai, unguwanni biyu masu nisa da juna a Kano.

Babban aibin dokar shi ne wanda ta ɗora wa biyan kuɗin. Ta ce mai ba da aiki ne zai biya, kuma a nan ne muka dawo kan mai makarantar nan da ambulan ɗinta. Duk dokar da ta sa ɗaukar mace aiki ya fi ɗaukar namiji tsada, to ta koya wa masu kamfani su guji mata, ko su ɗauke su ba takarda ta yadda za a sallame su cikin sauƙi da zarar ciki ya fito. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a shekarar 2000, ta hango wannan. Ta ce hutun kada ya gaza mako 14, kuɗin kada ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi, kuma a biya shi daga asusun inshorar jama'a ko baitulmalin gwamnati, domin kada nauyin ya faɗa kan mai ba da aiki shi kaɗai. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suna da mako 14, kuma asusun inshorar ma'aikata na ƙasar, wato CNSS, yana ɗaukar wani kaso na kuɗin. Indiya a 2017 ta tsawaita hutun zuwa mako 26 amma ta bar biyan a wuyan kamfanoni, kuma tun a lokacin masana a can suka yi ta gargaɗin cewa ƙananan kamfanoni za su ja da baya wajen ɗaukar mata. Saboda haka masu kiran a mayar da hutun wata shida a duk faɗin Nijeriya suna da gaskiya, amma idan ba a haɗa kiran da asusun da kowane ma'aikaci, namiji da mace, da kowane mai ba da aiki zai riƙa zubawa ba, to za a ƙara wa ma'aikaciyar gwamnati hutu ne a rufe wa 'yar'uwarta ƙofar makarantar kuɗi da asibitin kuɗi da banki.

Yanzu a ce hutun ya ƙare, ko wata uku ne ko shida. Gidan gandu ya watse, amarya tana zaune a ɗaki biyu da falo a bayan gari, uwarta tana wata unguwa ko wani gari, gidan raino mai kyau kuma kuɗinsa ya kusa cinye albashin. Kowa ya san abin da ake yi. Ana aika wa dillaliya, ta kawo yarinya daga ƙauye, 'yar shekara goma ko sha biyu, a ce 'yar aiki ce. Ita za ta yi goyo, ta wanke kwanuka, ta yi shara, ta raka yaran gidan bakin mota da jakunkunan makaranta a hannunta, sannan ta dawo. Ɗan abin da ake biya ba ya shiga hannunta, ana tara wa uwarta ne don kayan ɗaki. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana sa yaro aikatau a gidan da ba na danginsa ba, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara ga kowane yaro, amma a gidajen lauyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikata za ka tarar da waɗannan yara. Ba ina faɗin haka ba ne don in tozarta matan da suka ɗauke su, domin da yawansu ba su da wata mafita, wasu ma suna kyautata musu iyakar iyawarsu. Abin da nake so a gani shi ne cewa nauyin nan bai ɓace ba. A da uwa ta ɗora shi a kan 'yarta, yau 'yar boko ta sa tata 'yar a makaranta ta ɗora shi a kan 'yar talaka. Digirin wata mace da albashinta suna tsaye ne a kan jahilcin wata yarinya, kuma duk muhawarar 'yancin mata da ta yi shiru a kan wannan yarinya muhawarar masu hali ce kawai.

Ga masu cewa maganin abin shi ne mata su koma gida, ina da tambayar da ban taɓa jin sun amsa ba. Mutumin da ya hana 'yarsa karatun likita ko ya hana matarsa aikin jinya, shi ne kuma idan naƙuda ta zo zai tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa ya ce namiji ba zai duba iyalinsa ba. Daga ina likita mace za ta fito, daga ina ungozoma za ta fito, in ba daga gidan wani ba? Binciken 2018 da na ambata ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma kowa ya san Arewa ce ta fi ɗaukar kaso mai yawa. Muna buƙatar mata a asibiti da aji da kotu, kuma waɗannan mata za su yi aure su haihu kamar kowa. Ban da wannan, aure yakan mutu, miji yakan rasu ko ya karye, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, gidaje nawa ne albashi ɗaya ke riƙewa, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne? Ta fuskar addini ma, gaskiya ne ciyarwa da tufatarwa da muhalli a wuyan miji suke, amma wannan bai haramta wa mace nema ba. Nana Khadija attajira ce mai aika fatake Sham, kuma ita ta haifa wa Manzon Allah (SAW) 'ya'ya shida. Nana Zainab bint Jahsh tana jima da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. A cikin Suratuɗ Ɗalaƙ kuwa an umarci mazan da suka rabu da matansu su biya su ladan shayarwa, abin da ke nuna cewa shari'a ta ɗauki shayarwa a matsayin aiki mai ƙima tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Duk da haka akwai gaskiyar da ke bakinsu wadda ba zan ƙi ta ba. Jariri yana buƙatar uwarsa, kuma macen da ta zaɓi ta zauna ta raini 'ya'yanta da kanta ba zaman banza take yi ba. Ina jin zafi idan na ji an tambayi magidanci aikin matarsa ya ce "ba ta komai", alhali ita ce ta fara tashi ita ce ta ƙarshen kwanciya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke yin fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da ba a biya a duniya. Wadda ke aikin albashi ma ba ta tsira daga wannan ba, ta dawo daga ofis ne ta ɗora tukunya, wani lokaci kuma mijin da ya bar ta ta yi aiki sai ya janye hannunsa daga cefane da kuɗin makaranta, ya ce ai tana ɗaukar albashi. Ta haɗa aiki biyu ke nan, ta kuma gaji rabin nauyin da Allah bai ɗora mata ba.

Su kuma masu ganin rage haihuwa shi ne maganin komai, sai su leƙa Koriya ta Kudu. A 2023 matsakaicin haihuwar mace a can ya faɗo zuwa 0.72, mafi ƙanƙanta a duniya, amma duk da haka tazarar albashi tsakanin maza da mata ta kai kusan kashi 30 cikin 100, wadda ta fi ta kowace ƙasa a cikin ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD. Abin da ya faru shi ne an bar aiki da tsawon sa'o'insa, an bar gida da rainonsa a kan mace ita kaɗai, aka ce ta zaɓa, sai 'yan mata da yawa suka zaɓi aikin suka bar auren da haihuwar, yanzu gwamnati tana ta zuba kuɗi tana roƙo a haihu. Faransa da Suwidin, inda aka daɗe da gina gidajen raino, sun fi Koriya da Italiya haihuwa alhali matansu suna aiki sosai. Suwidin tun 1974 ta mayar da hutun na uwa da uba, yanzu kwana 480 ne, kuma an ware wa kowannensu kwana 90 da ɗayan ba zai iya karɓa ba. A wurinmu tilasta zaɓin ba zai kawo ƙarancin haihuwa irin na Koriya ba nan kusa, zai dai fitar da mata masu ilimi daga aiki ne, ko ya ƙara yawan 'yan aikatau. Tazarar haihuwa kam tana da amfani ga lafiyar uwa da ta yaro, kuma ba baƙuwar aba ba ce, domin iyayenmu sun san aibin kunika, kuma shayarwar shekara biyu da Suratul Baƙara ta ambata ita kanta tazara ce. Ilimi ma yana yin nasa aikin ba tare da an yi wa kowa dole ba: a binciken 2018, macen da ba ta yi boko ba matsakaicin haihuwarta 6.7 ne, wadda ta wuce sakandare kuma 3.4. Amma mai 'ya'ya uku ma sai an riƙe mata ukun.

Abin da nake ganin za mu iya, ba sai mun jira arzikin Suwidin ba, shi ne mu mayar da raino sana'ar manya wadda ake biya. Kowace sakatariya da babban asibiti da kwalejin ilimi ta ware ɗaki mai tsabta kusa da wurin aiki, ta yadda rabin awan nan na shayarwa zai yi ma'ana. Manyan kasuwanni ma haka. A unguwanni kuwa, makarantun Islamiyya da yawa azuzuwansu a rufe suke da safe har sai la'asar, ga kuma zawarawa da dattijai mata da suka raini yara goma-goma suna neman abin yi. Da za a haɗa waɗannan biyun, a ba matan horo kaɗan a kan tsabta da taimakon gaggawa, iyaye su biya abin da za su iya, masu hali su cika da waƙafi, da an samu wurin da ma'aikaciyar jinya da mai sayar da atamfa za su ajiye yaro hankalinsu a kwance, kuma da yarinyar ƙauye ta samu ta zauna a aji. Akwai kuma ƙananan gyare-gyare da ba sa cin ko sisi, kamar a daina yi wa mai shayarwa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa, da a cire iyakar shekaru da wasu kamfanoni ke sawa a tallar aiki, wadda ke rufe ƙofa ga macen da ta tsaya ta yaye 'ya'yanta sannan ta dawo nema. Hukumar yi wa ƙasa hidima ta daɗe tana barin matar aure ta koma jihar da mijinta yake, kuma ba a ga tsarin ya rushe ba saboda haka.

Sai kuma maza, waɗanda a muhawarar nan sukan zauna a kujerar alƙali kamar yaran ba nasu ba ne. An tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, kuma ya tabbata cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ban san daga inda muka samo cewa riƙe jariri na awa biyu ko kai yaro asibiti yana rage wa namiji girma ba. Kwana 14 da gwamnatin tarayya ta ba maza, idan a majalisa da karɓar barka za su ƙare, gara ma ba a bayar ba.

Ƙanwar tawa daga baya ta samu aiki a makarantar gwamnati, ta haihu, ta yi hutunta ta koma. Kullum da safe takan biya ta ajiye yaron wurin mahaifiyarmu, ta ɗauke shi bayan azahar, kuma da haka aka yi shekara biyu. Kwanan baya da aka gane tana da wani cikin, Inna ta kira mu ta ce, "Wannan dai na riƙe muku, amma na gaba ku nemo dabara, gwiwoyina sun gaji." Yayarmu ta ce ta san wata dillaliya da za ta kawo yarinya mai hankali daga ƙauye kafin watan haihuwa. Na ce ban yarda ba, suka ce to in kawo wata hanyar. Na zagaya gidajen raino uku a unguwar, biyu kuɗinsu ya fi rabin albashinta, na ukun kuma yara sun fi ashirin a ɗaki ɗaya da mai kula guda. Saura wata huɗu ta haihu.